Cinikin Surukai a Panshekara

"Ni ban ce ki shiga ofis ki sato mini komai ba," in ji Alhaji Inuwa. "Tambaya ɗaya na yi miki. Ina ne iyakar abin da aka yarje wa mijin naki ya biya? In ya dawo gida ba ya magana ne? Ko bebe na aura miki?"

"Baba, ku yi haƙuri."

"Tun safe haƙurin nake ci, har yanzu ban ƙoshi ba."

Duk ina jin su. Katangar da ta raba gidana da na Alhaji ta zube ta wajen turken awakina tun daminar da ta wuce, ni kuwa ban ga abin gaggawa a gyaranta ba. Can nake zama in tsince shinkafa, don iska ta fi kaɗawa a wurin.

Zainab yake yi wa faɗa, 'yarsa da ke aure a Zawaciki. Tana durƙushe a bakin tabarma da goyo a bayanta, ta ce, "Abin da miji ya faɗa a ɗaki amana ce, Baba. Ku kuka koya mini."

"Na koya miki don ki yi wa bare, ba ni ba."

Can ta ce, "To ku bar ni in gaya masa naku. In ce masa gishiri ya ƙare muku. Na san halinsa, ba zai..."

"Ki gaya wa wa? Yaron da ya zo ya durƙusa a zaurena yana neman aurenki, shi zai ji na gaza? Gobe Kwaran nan ubangidansa ya ji, ya taya kayana kuɗin tsumma? Ce wallahi ba za ki faɗa ba."

Ta ce wallahi, da wata murya kamar ta mai zazzaɓi.

Bari in koma baya kaɗan don wanda bai san gidan ba. Alhaji Inuwa tun yana saurayi sana'ar fata yake yi. Ya bi ƙauyuka ya tara, ya zuba musu gishiri, ya jera a siton da ke bayan gidansa, in farashi ya yi masa ya kai wa kamfanonin jima. A shekarar da nake ba ku labari, wato shekarar da soja suka karɓi mulki ana bin layin sabulu da madara, ya kwashe duk abin da ya mallaka ya zuba a fatun layya. Har gonarsa ta bakin kogi ta tafi a ciki. Sito ya cika har rufi, fatun raguna da na awaki, abin sha'awa.

Sai dai ɗanyar fata tana son gishiri sau biyu. Na farko ya samu. Da aka zo na biyu sai gishiri ya ɓace a kasuwa, ko da kuɗinka sai ka san wani. Da rani ne da an shanya su an huta, to damina ta ƙi tafiya, kullum sama a haɗe, ƙasa tana tururi. Fatar da ba ta sha gishiri ba a irin wannan lokaci daga ƙasan tari take fara lalacewa, a hankali, kamar ƙaramar magana a gidan yawa. In ba a sayar da wuri ba, jarin Alhaji duka sai dai a haƙa masa rami.

Mai sayen kuwa surukinsa ne. Lawan mijin Zainab shi ne akawun da ke saya wa wani ƙaramin kamfanin jima fata a Challawa, kamfanin wani Kwara ne, ɗan Labanan, mai ƙaton tumbi da Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shekarun baya wani dattijo ne ke wannan aiki, shi da Alhaji sukan zauna su zagi juna su sha shayi su gama ciniki kafin la'asar. Dattijon ya rasu, aka ɗora Lawan a kujerarsa, kowa ya ce Alhaji ya faɗo a tsakiyar gata.

Ina gatan yake? Kun dai san yadda muke. Lawan in ya hango Alhaji a hanya sai ya sauka daga babur ya cire takalmi. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, ko sunan Inuwa ba ya faɗa, har wani lebura mai wannan suna a kamfanin sai dai ya kira shi Mai Sunan Baba. Wannan ne zai zauna ya ce wa Alhaji kayanka sun yi tsada? Ko ya shiga sitonsa yana ɗaga fata yana sansanawa kamar mai zargin tsoho da ha'inci? Guda biyar aka ɗauko daga saman tari aka kai masa, ya ce ai kayan Baba ba sa bukatar dubawa.

Irin wannan magana a gidajenmu uwa ce take ɗaukarta. Ta kira surukin bayan ɗaki ta ce, kai, yi wa tsohon nan sauri, akwai dalili. Shi ke nan, ba wanda ya ji kunya. To uwar Zainab ta shekara uku a ƙasa. Sai aka sa Tijjani dillali a tsakani, yana zirga-zirga a kan kekensa daga Panshekara zuwa Challawa. Tijjani ba mugu ba ne, amma duk gishirin da ya rage a garin nan a bakinsa yake. In Lawan ya ce a gaya wa Baba a yi haƙuri ga abin da ya samu, Tijjani sai ya iso yana huci ya ce sun ce ba sa bukata, fata har ta yi musu yawa. In Alhaji ya ce albarka, sai ya koma ya ce Alhaji ya ce masu kamfanonin Sharada da na Bompai suna layi a ƙofarsa. A ganinsa haka ake ɗaga darajar ciniki, la'ada ta yi kauri.

Ba wanda ke layi. Duk 'yan fata sun san Alhaji ya buɗe ciniki da kamfanin surukinsa, kuma ba a yin ciniki a kan cinikin wani. Shi ma ba zai kwashi kaya ya kai wani wuri a ce ya tsallake mijin 'yarsa ba. Abin da yake yi kawai, kullum da hantsi ya saka babbar riga mai aiki, ya fitar da kujera ƙofar gida, ya kunna rediyo, yana gaisa da masu wucewa da ƙarfi kamar wanda bai da damuwa a duniya. A bayan gida kuwa an sa garwashi a kasko ana zuba turaren wuta a bakin sito. Mata suka fara tambayata ko Alhaji aure zai ƙara. Na ce ban sani ba, amma na ga alama.

Kada ku ce to ke da kika sani me ya hana ki magana. Gulmata tana da tarbiyya, ba na kai labarin da zai karya maƙwabci kasuwa. Kuma rabi kawai na sani. Ɗaya rabin yana Zawaciki, sai daga baya Zainab ta zauna a ɗakina ta ba ni shi tana share hanci da bakin mayafi.

Ashe kamfanin ma a tsaye yake. An rufe kan iyaka, fatun da suke samu daga Maraɗi da Damagaram sun daina zuwa, manyan kamfanoni kuma sun riga sun kame dillalai tun kafin Sallah. Akwai wasu manyan ganguna na katako da ake zuba fata a ciki suna juyawa da magani. Babu ko fata ɗaya a cikinsu. Kwaran ya sa ana cika su da ruwa ana kunna inji suna ta ruri, don mai wucewa a titi ya ji ya ce ana aiki. Leburori sai sharar fili. Turawan da ya yi wa alkawarin kaya suna ta bugo waya. Kwaran ya gaya wa Lawan ƙarara, in wata ya mutu babu fata, ya nemi wani aikin. Amma ya ja masa kunne: a ciniki wanda ya fara nuna yunwa shi ake yankawa, kuma kada ka sauko da ƙafa ɗaya sai ka ga ɗan'uwanka ya sauko da tasa.

Lawan ya zo gida ya kasa cin tuwo, ya zayyana wa matarsa duka, sannan ya tuna 'yar wa ce. Ya ce, "Don Allah kada Baba ya ji. In ya ji muna cikin matsi zai riƙe kayansa, kuma yana da gaskiya, ni ma da haka zan yi. Ni kuwa cin amanar mai gida ne. Ki yi mini alkawari." Ta yi masa. Kwana biyu bayan nan ta zo gaishe da ubanta, ta bi ta bayan sito, hancinta ya gaya mata sauran. Yarinyar da ta tashi cikin fata ba a rufe mata wari da turare.

Haka ta riƙa yawo da duwatsu biyu a ƙirji. Ta zo nan ta ce, "Baba, da kun sallama kawai."

"Me kika sani?"

"Ba komai."

Ta koma can ta ce, "Malam, da ka ƙara masa ka gama cinikin nan cikin satin nan."

"Baba ya ce wani abu ne?"

"Bai ce komai ba."

Har layin kanti ta bi da goyo, rana ta dake ta, ta samo ɗan gishirin miya, ta bi gidajen ƙawayenta tana cewa za ta yi daddawa. Ni ma na ba ta mudu guda ban tambaye ta ba. Ta kawo a ƙullin zane ta ajiye gaban ubanta. Ya dubi ƙullin, ya dubi sito, sai na ga ya kawar da kai. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Kai wa Gwaggo Kulu abinta, kada miyarta ta yi lami." Wato ni. Ashe ya san ina wajen turke.

Shi kuwa ciniki yana tafiyar hawainiya. Lawan ya taya, Alhaji ya ce albarka. Alhaji ya aika cewa kuɗin mota a wuyansa, yana jiran a rama masa da wani abin kirki, don a saninsa yaba kyauta tukuici. Aka ƙara masa sule ɗaya a kan kowace fata. Ya yi tsaki ya ce yaran zamani ba su san alheri ba. Bai san ko sulen nan sai da Lawan ya yi rantsuwa a ofis kafin a ba shi ba.

Daga nan aka zo kan maganar da ta kashe kowa. Ɗan kasuwa irin Alhaji a dunƙule yake sayar da tari, mai kyau ta ɗauki marar kyau. Kwaran ya ce wa Lawan ya nemi a yi zaɓe, a ɗaga fata ɗaya bayan ɗaya a ƙofar sito, ta ɗaya daban, ta biyu daban, ta yarwa a bar wa mai ita. Ba don suna so ba. Sun san ba mai yarda da wannan. Nufinsu in Alhaji ya ƙi, sai su ce to mun janye zaɓe, kai ma ka sauko da farashi, a tafa a tashi. Tijjani ya kawo saƙo yana jiran a kore shi.

Na ga Alhaji yana murza carbi. Na san abin da yake aunawa. In ya ƙi, za a ce me yake ɓoyewa a ƙasan tari? Sai ya ɗaga murya yadda har masu wucewa za su ji, ya ce, "A zaɓa mana. Kayan Inuwa ne. A zo da tabarau ma."

Tijjani ya ce, "Alhaji, ko ka nemi wani abu a madadinsa? Ba a ba da irin wannan a banza."

"Ni ba roƙo nake yi ba."

Lawan da ya ji sai ya yi murna, ya ce to an gama, gobe a tura mota. Kwaran ya ce a'a. Mutumin da ya saki wannan da sauri haka, akwai sauran abin saki a hannunsa. A yi masa shiru na sati guda, zai aiko da kansa. Lawan ya roƙa, aka tuna masa wa ke biyansa albashi.

A wannan satin aka yi ruwa uku masu ƙarfi. Alhaji yana ƙofar gida da babbar riga, yana duban hanyar Challawa ta wutsiyar ido. Ganguna suna can suna juya ruwa. Ƙudaje suka fara taruwa a katangata, irin korayen nan masu ƙyalli. Zainab ta daina zuwa, ta ce zazzaɓi take yi, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Da satin ya cika Alhaji bai aika ba, Kwaran ya tsorata, ya ce a ba wa Alhaji farashin da ya nema tun farko. Tijjani ya zo yana buga ƙararrawar keke tun daga bakin titi. Alhaji ya ce ya sallama. Da muka yi ido biyu ta kan katanga har ya yi mini dariya ya ce, "Kulu, kin ga yadda manya ke ciniki?" Na ce na gani.

Washegari da hantsi mota ta zo da leburori da mai zaɓen fata, wani Dauda mutumin Filato, mai fara'a, ya fi shekara goma a kamfanin. Lawan ya tsaya can jikin mota, takalmi a hannu. Zainab ma ta lallaɓo ta zo, tana tsakar gida.

Layin sama lafiya. Na biyu da na uku da dama-dama. Da aka kai wajen ƙugun mutum, Dauda ya ɗago wata fatar rago ya shafa, sai gashin ya biyo tafin hannunsa kamar an jiƙa auduga. Ya ajiye gefe. Ya ɗago wata, ta yage a hannunsa. Wari ya taso ya bi layi, mata suka fara rufe tagogi, awakina suka riƙa kuka. Leburori suka ɗaure hanci da tsumma. Tarin yarwa yana tashi, na mota ko gwiwa bai kai ba. Alhaji yana tsaye da babbar rigarsa, bai matsa ba, bai toshe hanci ba.

Dauda ya goge hannu a wando, abin ya dame shi ƙwarai. Ya ce, "Baba, ai gishiri ne ba su samu ba. Kayan nan masu kyau ne, wallahi. Me ya sa ba ku aiko ba? Siton kamfani cike yake da gishiri har sama, tun da ba mu da fatar da za mu zuba wa. Har ya fara narkewa yana bin ƙasa. Ko sati biyu da suka wuce da kun yi magana, mota guda za a kawo muku kyauta, don mu ma wata guda ke nan ganguna ruwa suke juyawa."

Bawan Allah bai san abin da ya faɗa ba. Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ya biyo baya ba dogo ba ne. Ɗan abin da aka tsinta bai isa ya tayar da kamfani ba, kafin wata ya mutu aka sallami Lawan. Sauran fatun a bayan gari aka binne su, har da biyan masu haƙa. Alhaji bai sake taɓa fata ba, ya koma zaman zaure, a shekara biyu ya zama kamar ba shi ba. Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne na ranar, bayan mota ta tafi.

Lawan ya shigo tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba sai da Sallah. Ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa. Alhaji yana zaune a kan turmi. Zainab tana tsakaninsu a tsaye. Na zaci yau dai za su yi wa juna magana. Ina. Ko a ranar ba su iya ba.

Alhaji ya dubi 'yarsa ya ce, "Kin san kamfaninsu a tsaye yake?"

"Na sani, Baba."

"Kina kallona ina zama a rana kamar mahaukaci."

Lawan bai ɗago ba, shi ma ita ya yi wa magana, a hankali. "Kin san gishiri ne matsalar? Kullum sai na wuce ta gabansa, Zainab. Makullin siton a aljihuna yake kwana. Kalma ɗaya ce."

"Ban san kuna da shi ba."

"Da kin faɗa ai da kin sani."

"Tambaye ta," in ji Alhaji, yana nuna ta da carbi, "tambaye ta ko ni na haife ta ko kamfani."

"A gaya wa Baba," in ji Lawan, "ni ban taɓa nufin..."

"A gaya masa? Wa zai gaya masa?" Ban taɓa jin muryar Zainab ta kai haka ba. "Ga shi nan zaune, taku huɗu tsakaninku. Ku kun sa na ce wallahi. Kai ka sa na yi alkawari. Na riƙe muku, ban ci na kowa ba, har nono ya ƙafe mini yaron nan yana kwana kuka. Yanzu kuma ni ce zan ɗauki faɗan naku in kai in kawo? Ku nemi Tijjani, shi ake biya."

"Ke, da ubanki kike magana," in ji Lawan.

"Bar ta," in ji Alhaji. Wannan ce kalma ta farko da na taɓa ji ya faɗa wa surukinsa kai tsaye, kuma ko ita bango ya kalla ya faɗe ta.

Ta tsaya kaɗan, ina tsammanin jira take ko ɗayansu zai ƙara wani abu. Alhaji yana kallon bango, Lawan yana kallon ƙasa. Ta gyara goyonta, ta ja mayafi, ta bi ta tsakaninsu ta shige zaure. Ƙyauren gidan na langa-langa ne, ta fizgo shi da hannu biyu ta buga.